Saƙonnin garkuwar jiki da maganin ciwon daji: amsoshin likita

Tambaya: Likita, ni ɗalibin koyon aikin jinya ne a Zariya. Mene ne saitokin, kuma me ya haɗa shi da ciwon daji?

Amsa: Ɗana, fararen ƙwayoyin jini suna aika wa juna saƙo. Sukan fitar da wasu ƙananan furotin masu aiki kamar 'yan aike: wani ya ce "ku taru", wani ya ce "ku hayayyafa", wani kuma ya ce "ya isa haka". Su ne saitokin. Zazzaɓin da kake ji idan maleriya ta kama ka ma da hannunsu a ciki. Ita kuwa ƙwayar daji daga jikin mutum ta fito, shi ya sa garkuwa kan ɗauke ta 'yar gida ta ƙyale ta. Sai masana suka ce bari a sarrafa waɗannan saƙonni a ɗakin gwaji, a yi wa majinyaci allurarsu, ko garkuwar za ta farka. Daga cikin ire-iren saitokin, an gano intaferon a Landan a 1957, intalukin-2 kuma a Amurka a 1976.

Tambaya: Yayana na fama da kansar ƙoda, har ta kai huhu. Na ji akwai wata allura mai tayar da garkuwar jiki. Mu sayar da gona mu nema?

Amsa: Malam, Allah Ya ba shi lafiya. Ina jin intalukin-2 kake nufi. Dakta Steven Rosenberg na Cibiyar Binciken Kansa ta Amurka ya yi fice wajen gwada ta tun shekarun 1980, kuma hukumar magunguna ta ƙasar ta amince da ita don kansar ƙoda a 1992, sannan kansar fata mai suna melanoma a 1998. A cikin majinyata 100, kusan 15 ne ƙarinsu ke raguwa, waɗanda ciwon ke ɓace musu gaba ɗaya kuwa ba su kai 10 ba. Amma wasu daga cikin waɗannan 'yan kaɗan sun yi shekaru da dama ciwon bai dawo ba, abin da a da ba a ko mafarkinsa.

Allurar tana da wahala ƙwarai. Takan sa jijiyoyin jini su riƙa yoyo, ruwa ya taru a huhu, jini ya sauka, ga zazzaɓi da makyarkyata. Sai mai lafiyayyar zuciya da huhu ake yi wa, a asibitin da ke da ɗakin kulawa ta musamman. Yanzu ma an fi amfani da sababbin magunguna irin su nivolumab da pembrolizumab, masu kwance wa garkuwa dabaibayin da daji ya ɗaura mata. Binciken da ya share fagen irin waɗannan magunguna ne ya sa James Allison da Tasuku Honjo suka samu kyautar Nobel a 2018. Don Allah kada ku taɓa gonar nan sai likitan kansar da ke duba shi ya ga sakamakon gwajin tsokar, ya faɗa muku wane magani ya dace da shi, da kuɗinsa daga farko zuwa ƙarshe.

Tambaya: Ana tallar wani gari a WhatsApp wai yana ƙara saitokin, yana kashe daji. Gaskiya ne?

Amsa: Ƙarya ce, 'yar'uwa. Saitokin furotin ne, in aka haɗiye shi ciki zai narkar da shi kamar nama, shi ya sa ake bayar da shi ta allura. Abin da ke ci mini rai shi ne watannin da majinyaci ke ɓatawa a kan irin wannan gari, ƙarin kuwa yana ta girma.

Tambaya: Ina karɓar kemo saboda kansar mama. Bayan kowane zagaye ana yi mini wata allura, filgrastim, sai ƙasusuwana su yi ta ciwo. In daina?

Amsa: Kada ki daina, Hajiya. Ita ma saitokin ce, sai dai aikinta daban. Kemo, wato maganin da ke kashe ƙwayoyin daji, na rage fararen ƙwayoyin jini, ita kuma tana umartar ɓargo ya ƙera sababbi da sauri. Ciwon da kike ji a ƙugu da cinyoyi aikin ɓargon ne, yakan lafa cikin 'yan kwanaki. Ki faɗa wa likitanki ya rubuta miki maganin rage zafi. Ki kuma ajiye ma'aunin zafin jiki a gida. Idan zafin jikinki ya kai digiri 38 a ma'aunin Celsius, ko da tsakar dare ne, a kai ki asibiti, kada a jira gari ya waye.