Zan iya soka janareto a soket ɗin ɗaki ya ba gidan duka wuta?

Tambaya: Salam Malam. Na sayi janareto 2.5kVA, wani abokina ya ce ba sai na ɓata kuɗi wajen mai wayarin ba, in samu waya in sa mata fulogi kai biyu, ɗaya a jikin inji ɗaya a soket ɗin falo, in dai na zare fis ɗin NEPA shikenan. Akwai matsala? Daga wani magidanci a Hotoro, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Wutar za ta kawo kam, ba ƙarya abokinka ya yi ba, amma don Allah kar ka yi. Duk dabarar nan ta rataya ne a kan "in dai na zare fis", to ranar da ba ka gida fa, aka ɗauke wuta da magariba yaro ya je ya ja inji?

Ga abin da ke faruwa in an manta. Wutar injinka ba ta san iyakar gidanka ba, za ta bi wayar da NEPA ke shigowa ta fita waje ta hau falwaya. Taransifoma kuma gaba da baya take aiki, yadda take sauko da bolt 11,000 zuwa wanda muke amfani da shi a gida, haka in ka tura mata bolt 230 ta baya za ta iya ɗaga shi ya koma dubbai, ga ma'aikacin KEDCO can a sama ya kashe layi ya tabbatar babu wuta ya kama waya da hannu. Ko ba a kai nan ba, ƙaramin injinka zai shiga ƙoƙarin ɗaukar gidajen maƙwabta, in kuma NEPA ta dawo yana kunne wuta biyu suka yi karo sai dai ka ji ƙauri. Na taɓa zuwa wani gida da haka ta faru, koyil ɗin injin ya ƙone ƙurmus, talabijin da firji sun tafi, soket ɗin ya narke ya manne da bango. Sannan shi kansa fulogin, in ka soka kai ɗaya a inji, ƙarafunan ɗaya kan tsirara suke da wuta a jiki, yaro mai rarrafe ya isa ya taɓa.

Abin da kake buƙata canjoba ne, wato makunni mai hannu da ke juya gida daga wutar NEPA zuwa ta inji. Wayar NEPA bayan ta fito daga mita ta shiga gefe ɗaya, ta janareto ta shiga ɗaya gefen, ta tsakiya ta tafi allon rabon wutar gida. Hannun ba ya iya zama wuri biyu lokaci guda, ko mutum ya manta ƙarfen ba ya mantuwa. Ka tsaya a kan mai aikin ya sa wanda ke yanke layif (wayar da ke kawo wuta) da nutural (wadda wutar ke komawa ta cikinta) duka biyun, don wasu saboda rowar waya layif kawai suke bi da shi ta canjoba su haɗe nutural ɗin, wannan aikin ha'inci ne. Kuma girman canjoba da lodin gidan ake aunawa ba da inji ba, tunda in akwai NEPA duk wutar gidan ta cikinsa take bi, yawancin gidaje mai amfiya 63 ake sawa. Mai murfi za ka saya, ba irin mai wuƙar nan da ƙarafunansa ke waje ba.

Injinka kusan wat 2,000 zai iya ɗauka, wajen amfiya 10 ke nan, wayar tagulla 2.5mm ta isa in kusa ne, in da ɗan nisa a sa 4mm. Fitilu, fanka, talabijin da firji ɗaya ba damuwa, amma dutsen guga kaɗai yakan ci wat 1,000 ko fiye, hita ma ta fi haka, a gaya wa uwargida tun yanzu. A kafa ƙarfen at, wato ƙarfen da ke kai wutar da ta zurare cikin ƙasa, a ƙasa a ɗaure jikin injin da shi.

Wajen tayarwa ka bar canjoba a tsakiya ko gefen NEPA, ka ja inji ya ɗan daidaita, sannan ka juya, ka kunna kaya ɗaya bayan ɗaya. Kashewa kuma ka fara sauke masa lodi. Ka sa a haɗa maka ɗan ƙwan fitila kafin canjoba wanda zai kama in NEPA ta dawo.

Inda za ka ajiye shi ma ba wasa ba ne. Na san tsoron ɓarayi ke sa mutane shigar da inji zaure ko kicin, amma iskar da ke kisa a hayaƙinsa ba ta da wari ba ta da launi, barci mutum zai yi ya wuce. A waje, kamar mita 6 daga taga da ƙofa, salansa ta juya wa ɗakuna baya, a yi masa keji na ƙarfe mai rufi saboda ruwan sama a sa kwaɗo. Fetur kuma sai an kashe ya huce tukuna a zuba.