Ruwa ne ya kashe mini kariya, ba rana ba

Ka aiko kana tambaya, wai kariya, shukar furen nan mai kumburarren gindi, da ke cikin tukwane a gidan da na tura ka a Bompai ganyenta na yin rawaya yana zuba, ko ka riƙa ba ta ruwa safe da yamma tunda bazara ta kankama. Kul! Ajiye butar nan ka saurare ni, yaro, don tambayarka ta fama mini tsohon miki.

Akwai wani Alhaji a Nasarawa, ba zan kama sunansa ba, da ya gama gini ya kira ni in ƙawata masa farfajiya. Na kai masa kariya 36. Ni na shuka irinsu da hannuna, na yi rainonsu shekara 6, gindin kowacce ya kai ƙaramin tulu. Yashin Challawa na saya, na gauraya da ƙasa da takin shanu wanda ya riga ya ruɓe, na ɗaga musu kunya yadda ruwa ba zai kwanta ba. Na jera bogambiliya a jikin katanga, lalle a bayan gida. Maris na kamawa kariyar nan suka fashe da fure, baki ja ciki fari, rassa tsirara babu ganye sai fure. Masu wucewa har leƙe suke yi ta ƙofa. Ya ba ni rabin kuɗi, ya ce saura sai bayan sallah.

Sai ya je Abuja ya ga koriyar ciyawa a wani otal. Yana dawowa ya sa aka shimfiɗa ta har gindin kariyar. Ita kuwa ciyawa kullum sai ta sha. Ga burtsatse a gida, maigadi ya saki tiyo ya tafi hirarsa a bakin titi. Na taka da ƙafata na je na faɗa wa Alhajin, ya ce mini ai Afrilu ne, zafi ya haura 40, mutum ma sau nawa yake shan ruwa a yini?

Bayan mako 5 aka kira ni. Na durƙusa na danna gindin ta farko, yatsana ya nutse kamar a ruɓaɓɓiyar gwanda, wani baƙin ruwa mai wari ya biyo. Haka na bi su ɗaya bayan ɗaya, gwiwata cikin taɓo. Guda 29 sun tafi. Mutumin nan ya dube ni a gaban yaransa ya ce masu cuta na sayar masa, ya hana ni ragowar kuɗina. Da kuɗin na so in yi wa 'yata kayan ɗaki. Na bar shi da Allah, amma har yau in na bi ta layin sai na ji wani abu ya tokare mini maƙoshi.

Kumburin nan da kake gani a gindin kariya rumbun ruwa ne. 'Yar daji ce, a tsandauri da tsakanin duwatsu take fitowa. Kano ba ta ganin ruwan kirki tun daga Oktoba har Mayu, kuma a cikin wannan ranin take yin furenta. Da hunturu takan zubar da ganye ta huta. Saiwarta na son iska. In ƙasa ta kwana a jiƙe ta wuni a jiƙe, ruɓewa za ta yi, alamar farko kuwa ita ce rawayar ganyen da kake faɗi. Ku yaran yanzu ba ku taɓa ƙasa. Kuna riƙe da waya kuna kallon lambun Ingila, inda watan furensu sanyi ne da yayyafi, ku zo ku kwaikwaya a ƙarƙashin ranar Kano. Mu da muka koyi aikin nan, sai da muka shekara muna ɗaukar taki kafin a bar mu mu riƙe almakashi.

Tura yatsa cikin tukunyar har gaɓa biyu. In ka ji danshi, ka wuce. In ta bushe ƙayau, ka ba ta da yamma har sai ya fito ta ƙasa, sannan ka ƙyale ta ta sake bushewa. Zancen huda tukunya da haɗa ƙasa ba zan ɓata bakina a kai ba.

Bogambiliya ma sai ta ɗanɗana ƙishi take cika da fure. Kada ka kusance ta da yuriya, ganye za ta tara maka. Aski kuma sai furen ya zube. Sabon dashe ka jira ruwa ya zauna a Yuni. In ka rufe gindin lalle da busasshiyar ciyawa don riƙe danshi, ka riƙa ɗagawa kana dubawa saboda gara.

Kariyar da ka ji gindinta ya yi laushi, cire ta, ka yanke ruɓaɓɓen har ka tarar da fari tas, ka shanya ta a inuwa kamar mako guda kafin ta koma yashi. Ruwan jikinta dafi ne, kada ka kai hannu ido, kada ka bar reshen inda yara ko awaki za su ɗauka.

Gobe bayan Asuba ka ɗauko mini wadda ta fi zubar da ganye, da tukunyarta, kuma ko ɗigo kada ka sa mata kafin in gani.