Zuwa ga ɗiyata mai son jinyar masu taɓin hankali a Ingila

Ɗiyata, saƙonki ya same ni ina tsakiyar aikin dare, shi ya sa kika ji ni shiru kwana biyu. Kin ce kin kammala makarantar koyon jinya a Birnin Kebbi, kin shekara a ɗakin mata, kuma ƙawayenki sun ce miki ɓangaren masu taɓin hankali da 'yan shaye-shaye shi ne ƙofar da ta fi saurin buɗewa a Ingila. Babanki kuma ya kafe, wai duk mai jinyar mahaukata ƙarshenta ita ma sai an ɗaure ta. Tunda ba ke kaɗai ce kika yi mini wannan tambayar ba, na ga gara in amsa a fili, sauran 'yan'uwanki su ma su karanta.

Bari in fara da Yaya, wato Babanki. Maganar nan tasa ni ma ya yi mini ita ranar da na ɗauki jakata zan tafi Kware. A wajenmu ai ko yaro ya cika surutu sai ka ji an ce "wanga sai Kware", kamar ba asibitin gwamnatin tarayya ba ne mai likitoci da ɗakin magani irin na kowane asibiti. Yau shekaruna nawa a cikin aikin, kuma har yanzu ni yake kira idan lissafin gona ya rikice masa. Ciwon ƙwaƙwalwa ba mura ba ne balle a ɗauka. Abin da ake ɗauka shi ne gajiya, kuma wannan zan zo kanta.

Ƙawayenki ba su yi ƙarya ba gaba ɗaya. Ana neman ma'aikata a wannan ɓangare, domin 'yan ƙasar da yawa ba sa daɗewa a cikinsa. Amma kin tambayi kanki me ke korarsu? A ɗakin mata da kike yanzu, kayan aikinki allura ne, da ƙarin ruwa, da abin awon jini. Ko ba ki ce uffan ba za ki iya gama aikin safe lafiya. A ɗakinmu bakinki da kunnenki su ne kayan aikin. Za a ba ki mutum a ce ki zauna da shi, kada ki ɗauke ido daga kansa na awa guda cur. Wani kuma ki riƙa leƙa shi duk bayan minti 15, kina rubuta abin da kika gani. Zai zage ki, ya zagi launin fatarki, ya tambaye ki me ya sa kike rufe kai, gobe kuma shi ne zai zo ya zauna kusa da ke yana kuka. Idan tikitin jirgi kawai kike nema, wata uku ya isa ki tsani aikin, kuma maras lafiya na gane wanda ya tsane shi tun kafin a buɗe baki.

Shi ya sa maganar Turanci ta fi yadda kike zato. Hukumar rajistar ma'aikatan jinya ta Birtaniya, wato NMC, tana son maki 7 a jarabawar IELTS, ko B a OET, da ɗan sassauci a ɓangaren rubutu. Ni na ci tun karon farko, na zo ina taƙama. Makona na farko wani dattijo ya yi mini magana da harshen arewacin Ingila, wallahi ko kalma biyar ban tsinta ba, ina ta gyaɗa kai ina murmushi. Sai daga baya abokiyar aikina ta ce ai gaya mini yake yi ba ya jin zai kai Kirsimeti. Mutumin nan nufinsa ya kashe kansa, ni kuwa ina yashe haƙora. Bature ba ya fitowa ya ce yana cikin ƙunci. Zai ce "ba laifi", ko ya yi barkwanci da mutuwarsa, ke ce za ki tsamo gaskiya daga ƙarƙashin wasan. Ranar ban iya cin abinci ba.

Daga nan na koyi abin da ya fi mini wuya: tambayar mutum kai tsaye, "Kana tunanin kashe kanka? Ka shirya yadda za ka yi?" Da farko harshena ba ya juyawa, ina ganin kamar ni ce zan saka masa tunanin. Ba haka ba ne. Tambayar ba ta dasa komai, sauƙi ma take kawo wa wanda ya daɗe yana ɗauke da abin shi kaɗai. A nan an daina ɗaukar yunƙurin kashe kai a matsayin laifin kotu tun 1961. Mu kuwa mun taso ana ɓoye shi saboda kunya da tsoron 'yan sanda, sai a rubuta wa yarinyar da ta sha fiya-fiya cewa kuskure ne, a sallame ta ba wanda ya zauna ya tambaye ta me ya yi zafi. Na tabbata kin ga irin wannan a ɗakinku.

Abu na biyu da zai girgiza ki shi ne dangi. A gida ba mutum ɗaya ake kwantarwa ba, zuriya guda ake kwantarwa: uwa na shimfiɗe da tabarma a baranda, ƙani na sayo magani, kawu na yanke shawara. Nan za ki ga saurayi ya yi wata huɗu ba wanda ya leƙo shi ko da lemo ɗaya. Kuma ko uwar da ta haife shi ce ta bugo waya, ba ki da ikon gaya mata halin da yake ciki sai da yardarsa. Na taɓa faɗawa wannan ramin. Wata uwa ta kira tana kuka, na ce mata ta kwantar da hankalinta, ya ci abinci, ya sha magani. A ganina alheri na yi. Washegari shugabar ɗaki ta kira ni ofis, ashe yaron ya rubuta cewa kada a gaya wa kowa a gidansu ko da yana asibitin. Har yau zuciyata ba ta gama yarda da tsananin wannan ƙa'ida ba, amma na fahimci dalilinta, don na ga waɗanda dangin nasu ne ciwon.

Doka kuwa ita ce rabin aikin. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 1983 ita ke faɗin lokacin da za a tsare mutum ba da son ransa ba: sashe na 2 har kwana 28 don a bincika, sashe na 3 har wata shida don magani. Ke kanki, a matsayin nas ta wannan fanni, sashe na 5(4) ya ba ki ikon hana maras lafiya fita na awa shida kafin likita ya iso. Ba ƙaramin abu ba ne a ɗora wa mutum. Komai sai an rubuta, kuma maras lafiyan na da damar ɗaukaka ƙara. Kada ki ɗauka aljanna ce. Alƙaluman gwamnatinsu da kansu sun nuna ana tsare baƙar fata fiye da ninki uku na yadda ake tsare farare, kuma za ki gani da idonki idan kika ƙirga fuskokin da ke ɗakin. Duk da haka, idan na tuna gidan marin da aka fasa a Rigasa ta Kaduna a 2019, aka fito da mutum sama da 300, wasu da sasari a ƙafa, sai in ga amfanin takardun nan da ke cinye mana lokaci. Mu sai a Janairun 2023 Buhari ya sa hannu a sabuwar doka, wadda ta maye gurbin ta 1958 da muka gada daga Turawa.

Yanzu shaye-shaye. Abin da kika sani a gida na san shi: tiramol na masu aikin ƙarfi da 'yan kabu-kabu, kodin da ya shiga har cikin ɗakunan matan aure kafin a hana shi a 2018, wiwi, sholisho, roci. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi tare da hukumar ƙididdiga ta ƙasa a 2018 ya ce mutum miliyan 14.3 ne suka yi amfani da ƙwaya a Najeriya, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. Wannan ilimin zai yi miki amfani. Amma a nan babbar dodanniyar giya ce, ke kuwa ko warinta ba ki sani ba. Sai kin koyi cewa mashayin da ya saba sha kullum, idan ya yanke lokaci guda, yana iya kamuwa da jijjiga, ya rikice yana ganin abin da babu, har ya rasa ransa. Ana sauko da shi ne a hankali da magani, ana ba shi sinadarin bitamin B1 don kada ƙwaƙwalwa ta lalace. Ranar da na fara jin ma'aikaciya tana gaya wa wani kada ya daina sha kwatsam, ya rage kaɗan-kaɗan har a samar masa gado, na ce innalillahi, wannan wace irin nasiha ce? Ita ce mai gaskiya.

Haka methadone. Mai shan hodar heroin za ki auna masa wani ruwan magani, ɗan'uwan abin da yake sha, ki miƙa masa da hannunki, ki tsaya har ya haɗiye. Za ki ba shi naloxone ya tafi da shi gida, saboda ranar da abin zai fi ƙarfin numfashinsa wani ya cece shi. Na yi watanni ina kokawa da zuciyata a kan wannan, ina ganin kamar taya ɓera ɓari nake yi. Abin da ya sauko da ni shi ne wani magidanci da na gani sau huɗu yana dawowa, kowane karo da rantsuwar ya daina. A karo na biyar ya riƙe. Da an kore shi tun a na biyu, kamar yadda muke cewa a gida "ya ƙi jin magana, a bar shi da duniya", da yanzu yana kabari. Komawa ruwa wani ɓangare ne na ciwon, kamar yadda mai hawan jini ke dawowa jininsa ya hau. Idan ba za ki iya karɓar mutum karo na biyar da fuskar da kika karɓe shi karon farko ba, ki zauna a ɗakin mata, shi ma aikin lada ne.

Maganar hanya ba ta da tsawo. Rajistar NMC ta kasu huɗu: manya, yara, masu larurar koyo, da lafiyar ƙwaƙwalwa, kowanne da tasa jarabawar. Jarabawar kashi biyu ce: ta kwamfuta a Najeriya ake yin ta, ta gwajin aiki mai tashoshi goma kuwa sai kin iso nan. Ki yi hattara da duk wanda ya ce zai "taimaka" miki a ta kwamfutar. A 2023 an gano maguɗi a wata cibiya a Ibadan, ɗaruruwan ma'aikata suka shiga uku, har waɗanda suka ci da guminsu sai da aka sa su sake zama. Najeriya na cikin ƙasashen da aka hana asibitocin Birtaniya zuwa ɗibar ma'aikata, don haka ke za ki nemi aikin da kanki, kuma duk ejan ɗin da ya ce a biya shi miliyoyi ya samo miki takardar ɗaukar nauyi, ki riƙe kuɗin gonar Babanki. Bizar masu kula da tsofaffi da wasu ke bi ta bayan gida, tun Maris 2024 aka hana su zuwa da iyali, a Yulin 2025 kuma aka rufe ɗauko sababbi daga waje. A 2025, albashin farko na nas a asibitin gwamnati wajen fam dubu 31 ne a shekara. Kada ki buga shi da naira ki sume. Haraji zai ci nasa, hayar ɗaki ta ci nata, wutar ɗumama gida a hunturu ta lashe saura, ga 'yan Argungu kowa na jiran rabonsa.

Gajiyar da na ce zan dawo kanta: aikin awa goma sha biyu da ɗoriya ne, a watan Disamba ki shiga da duhu ki fito da duhu. Azumi idan ya faɗo a bazara sai ya kai awa goma sha takwas, kuma ƙararrawar gaggawa ba ta san lokacin buɗa baki ba. An taɓa shaƙe ni, an watsa mini shayi mai zafi sau ɗaya. Mafi yawan marasa lafiyarmu ba su da faɗa, su ake cuta ma fiye da yadda suke cutar wani, amma wanda ya ce miki ba a taɓa kai masa hannu ba bai daɗe a aikin ba.

Shawarata ke nan. Ki nemi gurbin karatun jinyar ƙwaƙwalwa na gaba da wanda kika yi, a Kware, ko Barnawa a Kaduna, ko Aro a Abeokuta inda Farfesa Lambo ya fara ajiye marasa lafiya a gidajen mutanen ƙauye tare da danginsu tun shekarun 1950. Ki yi aikin da Hausa tukuna, harshen da kike jin abin da ke bayan magana. Ki zauna da matan da suka gudo daga ƙauyukan Danko-Wasagu da Zamfara, waɗanda ke cewa "zuciyata ke bugawa, ba ni barci", an yi ta ba su maganin zazzaɓi. Ki koyi yi wa uwa bayani cewa ruƙiyya ba ta hana shan magani, ba tare da kin raina imaninta ba. Bayan shekara biyu, idan har yanzu ƙafarki na ɗaukar ki zuwa ɗakin da safe ba tare da kin ja ta ba, ki kira ni mu fara cike takardu, ɗakina na nan.

Babanki kuwa ki bar ni da shi. Zan kira shi ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, lokacin ya fi sauƙin kai. Ki gaida Innarki, ki ce mata yajin da ta aiko ya kusa ƙarewa.