Kalmar "leave" a takardar zama ta Birtaniya: kora ce ko izini?

Wani ɗan'uwa mai aikin kula da tsofaffi a Manchesta ya aiko da tambaya: "An turo mini saƙo cewa an ba ni 'leave to remain'. Mu dai a makaranta 'leave' tafiya aka koya mana. Cewa ake in tattara in koma Kano?"

Malam, kwantar da hankalinka. Izinin zama aka ba ka.

Kalmomi biyu ne daban suka yi kama da juna, kamar tagwayen da ba uwa ɗaya ba. Ta aikatau ta fito daga tsohon Turanci "laefan", wato a bar abu inda yake, kamar yadda mamaci ke barin gado. Daga baya ta koma nufin tashi daga wuri. Masu kama da ita a ma'ana su ne "depart", "exit" da "quit". Ta biyun kalmar suna ce, daga tsohon Turanci "leaf", ma'anarta izini, kuma dangin "Urlaub" ce, wato hutu a Jamusanci. Ita ce ke cikin dokar shige da fice ta 1971. Mu ma ai haka "bari" take: ka bar gari, ka kuma bar yaro ya shigo.

Sai abin da ya fi muhimmanci. Duba ranar ƙarewar izininka, ka shigar da neman sabuntawa kafin ta zo. In ka yi haka, sashe na 3C na wannan dokar yana riƙe maka izinin, har da damar aiki, har a yanke hukunci. Amma kada ka hau jirgin gida a wannan tsakanin, ko da biki ne ko ta'aziyya: da ka fita, an ɗauka ka janye neman, kuma kariyar ta faɗi. Nan mutanenmu suka fi faɗawa rami.

Mai harin zama na dindindin, "indefinite leave to remain", ta hanyar bizar aiki, kada kwanakinsa a waje su wuce 180 cikin kowane wata 12. Bayan ya samu ma, in ya yi fiye da shekara 2 a jere a gida, izinin ya mutu.

A wurin aiki kuma a kula da harshe. Mai aikin kwana 5 a mako doka ta ba shi hutun kwana 28 a shekara, shi ne "annual leave". In za ka nema, rubuta wa manaja "I want to take leave", ka sa ranar tafiya da ta dawowa. Idan ka rubuta "I want to leave", ajiye aiki ka ce za ka yi. Kamfanin da ya ɗauki nauyin bizarka wajibi ne ya sanar da hukuma in ka bar aiki, kuma galibi kwana 60 kawai ake bar maka, ko ka samu wani mai ɗaukar nauyi ko ka fita.