Amsa ga jami'in da aka tura ya wakilci 'yan kwana-kwana a kwamitin tsara ƙa'idojin inganci

Wa'alaikumus salam. Oga, ka ce hukumarku ta kashe gobara ta miƙa sunanka ga wani kwamitin fasaha na SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Najeriya, mai duba ƙa'idojin kayan kashe gobara, kana tambaya me ake so ka yi a wurin, tunda yawancin 'yan kwamitin injiniyoyi ne da wakilan kamfanoni, kai kuwa aikin fili ka sani. To Allah ya taya ka riƙo. Aikin filin nan da kake ganin bai isa ba shi ne dalilin ba ka kujerar, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sai dai kwamiti ba ya aiki da abin da aka faɗa da baki, komai daɗinsa. Abin da ya shiga takarda, a kan lokaci, da hujja, shi ne ke zama ƙa'ida.

Kafin zaman farko ka nemi abubuwa uku. Wasiƙa daga shugaban hukumarku da ke cewa da yawun hukuma kake magana, kuma ta fayyace inda za ka iya yanke shawara nan take da inda sai ka koma ka tambaya. Sai mataimaki mai suna a rubuce, wanda zai zauna idan aiki ya riƙe ka, don ranar da kujerarku ta zama fanko ita ce ranar da sakin layin da ya shafe ku zai wuce. Na uku kuɗin tafiya. Galibi wanda ya turo wakili shi ke ɗaukar nauyinsa. Kamfani yana sa wannan a kasafinsa na shekara, hukumar kashe gobara kuwa sau da yawa sai takardar gayyata ta iso sannan a fara neman sa hannu, shi ya sa muryar kamfani ke fin tamu yawa ko da babu wanda ya yi maguɗi.

Daga sakataren kwamitin kuma ka karɓi takardar da ta bayyana iyakar aikin kwamitin, da jerin mambobi da wanda kowa ke wakilta, da jadawalin ranakun rufe karɓar gyara. Jerin mambobin nan ka zauna ka ƙirga shi. A ƙungiyar NFPA ta Amurka mai tsara ƙa'idojin kariya daga gobara, wadda aka kafa a 1896, ana raba mambobi rukuni-rukuni: masu ƙera kaya, masu amfani da su, ma'aikata, jami'an tabbatar da doka, 'yan inshora, ɗakunan gwaji da sauransu, kuma ba a yarda rukuni ɗaya ya wuce kashi ɗaya cikin uku na masu ƙuri'a ba. Ko da kwamitinku ba shi da wannan sharaɗi a rubuce, idan ka ga 'yan kasuwa sun fi rabi, ka faɗa a zaman farko, ka kuma nemi a sa shi cikin bayanan taro.

Yanzu ga inda aikin yake. Idan ka tashi ka ce "tiyon nan ba shi da ƙarko, muna wahala da shi", za a gyaɗa kai a wuce. Gyaran da ake karɓa yana da sassa huɗu: lambar sakin layi, abin da ke damunka da shi, ainihin kalmomin da kake so a sa a madadinsa, da dalili. Fom ɗin ISO, ƙungiyar tsara ƙa'idojin inganci ta duniya, ma haka aka tsara shi, har da gurbin da za ka nuna ko gyaran na fasaha ne, ko na gama-gari, ko na rubutu kawai. Wanda ya bar gurbin sabuwar magana babu komai, amsar da zai samu ita ce an lura, shi ke nan. Kuma duk abin da ka nema ya zama ana iya auna shi: matsin ruwa nawa, zafi digiri nawa, minti nawa, samfuri nawa za a gwada, da abin da za a kira faɗuwa. Ka lura kuma da inda aka ajiye maganarka. Jumlar da aka rubuta da lafazin tilas a cikin jikin ƙa'ida ita ke ɗaure mai ƙera kaya. Wadda aka mayar shawara, ko aka tura rataye na ƙarin bayani kawai a ƙarshen takarda, ba ta hana kaya samun takardar shaida. Wata tsohuwar dabara ce a ce maka an amince da manufar gyaranka, sannan a kai shi rataye.

Hujja kuwa tana nan a tasharku, ba a tattara ta ne kawai. Littafin kayan da suka lalace, ranar saye da ranar lalacewa, hoton wurin da ya fashe, rahoton raunin ma'aikaci. Ka aika wa tashoshi takarda mai tambayoyi biyar zuwa shida kafin kowane zagaye, ka haɗa da na jihohi da na filin jirgin sama idan za su amsa. Haka aka samu manyan gyare-gyare a waje. Rahotanni sun nuna cewa ƙararrawar da ma'aikaci ke ɗaurawa, mai kuka idan ya daina motsi, sautinta na raguwa a cikin zafi mai tsanani, sai bugun 2007 na ƙa'idar NFPA mai lamba 1982 ya ƙara gwajin ajiye ta minti 5 a zafin digiri 260 na Salshiyos. A bugun 2013 na ƙa'idar NFPA mai lamba 1981 kuma aka ɗaga lokacin da tukunyar iskar numfashi ke gargaɗi daga saura kashi 25 cikin ɗari zuwa 33, don mutum ya sami iskar fita.

Abin da na fi so ka sa wa ido shi ne ɗauko ƙa'idar waje a manna mata lambar gida ba tare da an taɓa ta ba. Ba laifi ba ne, hanya ce da aka saba, SON ce ke wakiltar Najeriya a ISO, amma akwai damar sa bambancin ƙasa, kuma kai ne za ka nema. Ɗauki tukunyar kashe wuta mai iskar kabon. Da zafi ya wuce digiri 31, iskar ba ta zama ruwa a ciki kuma, matsinta na hawa da sauri, shi ya sa ake da cikon ƙasashe masu sanyi, kilo 0.75 a kowace lita, da na ƙasashe masu zafi, kusan 0.67. Tukunyar da aka cika da ma'aunin Turai aka rataye a rumfar kwano a Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu tana iya fasa faifan kariyarta ta zubar da abin cikinta, ranar gobara a ɗauko ta wayam. Rigar aiki ma haka: ƙara kauri na kare fata daga wuta amma yana tare zufa, kuma a yanayinmu galabaita daga zafin jiki haɗari ne na kullum. Don haka kada ka yarda a yi maganar kariya daga wuta ba tare da adadin fitar zafin jiki a gefensa ba.

Sai bakin tiyo. Motocinmu daga ƙasashe daban-daban suke zuwa, wata da haɗin Ingila na inci biyu da rabi mai shiga da turawa, wata da Storz na Jamus mai murɗawa, a Nijar kuma na Faransa aka fi sani. A gobarar birnin Baltimore na Amurka a 1904, motoci sun zo daga Washington da Philadelphia da New York, tiyonsu ya ƙi shiga famfunan garin, gine-gine sama da 1,500 suka ƙone. An fitar da ma'aunin bai-ɗaya na ƙasar Amurka a 1905, amma a gobarar birnin Oakland ta 1991 matsalar ta sake faruwa, domin famfunan garin inci uku ne, na maƙwabta biyu da rabi. Wato ƙa'ida ba ta aiki da kanta. Sai an ambaci lambarta a doka, ko a takardar kwangilar sayen kaya, sannan take cizo. Duk ƙa'idar da kuka gama, ka kai lambarta da shekarar bugunta ofishin sayen kayan hukumarku.

Game da ƙuri'a, ɗaga hannu a zaure ba shi ne ƙarshe ba. A NFPA rinjaye kaɗan ya isa a zaure, amma a ƙuri'ar takarda da ke biyo baya sai an sami biyu bisa uku. A ISO daftari na buƙatar biyu bisa uku na ƙasashe masu cikakken shiga, kuma masu ƙi kada su wuce kwata na ƙuri'un da aka kaɗa. Idan za ka ƙi, ka rubuta dalilin fasaha, domin ƙi maras dalili ana ajiye shi gefe ne. Kada kuma ka ƙaurace don gudun ɓata wa wani. Ƙauracewa ba ta kare ma'aikacinka daga komai.

Wakilan kamfanoni ba abokan gaba ba ne, da yawansu sun fi kowa sanin kayan, ka yi ta tambayarsu. Amma in an kawo sakamakon gwaji, tambayi wanda ya biya kuɗinsa, da ko abin da aka gwada shi ne daidai abin da ake sayarwa. Rahoton ƙarshe na binciken gobarar Grenfell ta Landan, wadda ta ci mutum 72 a 2017, ya nuna yadda wasu masu ƙera kayan rufin bango suka yi wasa da gwaje-gwaje suka ɓoye sakamako. Kyautar kamfani, ko tikitin zuwa ganin masana'anta, ka sanar da hukumarku a rubuce kafin ka amsa, in ma za ka amsa.

Bayan kowane zama ka rubuta shafi ɗaya ga shugabanka: abin da aka yanke, yadda ka kaɗa ƙuri'a, abin da ke tafe da ranar rufewarsa. Ka buɗe fayil guda na duk daftari da gyare-gyaren da kuka aika da amsar da aka bayar, domin ISO na sake duba ƙa'ida duk shekara biyar, NFPA kuma tsakanin uku zuwa biyar, kuma mai yiwuwa kafin zagaye na gaba an yi maka canjin wurin aiki. Idan ka turo lambar daftarin da ke gabanku yanzu, sai mu duba sakin layin gwaji tare.