Shin yawon buɗe ido zai raya waƙar Blang?

Tambaya: Na ji cewa a ƙasar Sin ana kai baƙi ƙauyukan ƙabilar Blang domin su saurari waƙoƙinsu na gargajiya. Wannan yana raya waƙar ne, ko kuwa yana mayar da ita haja? Daga wata mai karatu.

Amsa: Malama, duka biyun suna faruwa. Mutanen Blang, waɗanda ƙidayar shekarar 2010 ta nuna sun kai kusan 120,000, suna zaune ne a tsaunukan lardin Yunnan, musamman gundumomin Menghai da Lancang, kuma an san su da noman ganyen shayi tun kaka da kakanni. A shekarar 2008 gwamnatin Sin ta sanya waƙar da suke rerawa da wani kayan kiɗa mai tsirkiya, wanda ake kira ding, cikin jerin al'adun gado na ƙasa. A 2023 kuma hukumar UNESCO ta amince da tsofaffin dazuzzukan shayi na tsaunin Jingmai, da ke gundumar Lancang, a matsayin wurin tarihi na duniya, abin da ya ƙara jawo hankalin baƙi zuwa ƙauyukan yankin.

Amfanin a fili yake, domin mawaƙin da ke samun abin sawa a bakin salati daga kiɗansa ba zai yi saurin jingine ding ya tafi birni neman aiki ba.

Sai dai asalin waƙar ba a dandamali yake ba. Saurayi ne yake ɗaukar ding da dare, ya je gidan budurwa, ya rera mata baiti, ita kuma ta mayar masa da nata, kowa yana gwada kaifin basirarsa da harshen Blang. Baƙon da ba ya jin harshen ba zai gane wannan raha ba, saboda haka akan gajarta waƙar, a zaɓi mai daɗin amo, a yi ta maimaita ta. Abin da ya fi damuna shi ne, al'ummar ba ta da rubutun kanta, don haka duk baitin da aka daina rerawa yana iya bin tsohon da ya haddace shi zuwa kabari.

A ganina, alheri yana tabbata ne idan mutanen ƙauyen ne ke zaɓar abin da za a nuna wa baƙi, kuma wani kaso na kuɗin yana zuwa ga dattawan da ke koya wa yara waƙar da harshensu.