Fatawa: Kamfani ya riƙe albashina da fasfona a Saudiyya, ya halatta in gudu?

Tambaya

Assalamu alaikum, Allah gafarta Malam. Ni mutumin Kumo ne, ina cikin shekara ta uku a Riyad ina aiki a wani kamfanin gine-gine. Gonarmu ta gado aka ba da jingina aka biya ejan kuɗin tafiyata. Da farko ana biyanmu ko da an yi jinkiri, amma yanzu wata biyar ke nan ba mu ga ko riyal ɗaya ba, fasfona kuma yana hannun kafili, wato mai kamfanin da ya ɗauki nauyin zamana a ƙasar, tun ranar da na sauka. 'Yan gida da ke Jidda sun ce in bar musu kamfaninsu in taho, akwai aiki, har wani ya ce zai ara mini igamarsa, wato takardar izinin zama, in riƙa nunawa. Wani kuma ya ce tunda makullin sito yana hannuna, in ɗebi rodi da wayar lantarki gwargwadon kuɗina in sayar kafin in tafi. Ga matata a gida da yara biyu, iyayenta sun fara magana. Malam, in na gudu ina da laifi wurin Allah? Kuɗin da zan samu can halal ne?

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, Allah ya yaye maka, ya kuma saka maka da ka tsaya ka yi tambaya a lokacin da yunwa da baƙin ciki suke ingiza mutum ya aikata kafin ya yi tunani.

Ka fara riƙe wannan: kai aka zalunta. Ba na son ka karanta abin da zai biyo baya ka ɗauka cewa ana ce maka ka yi haƙuri ka ci gaba da ɗaukar siminti a banza. Bukhari ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Allah Maɗaukaki ya ce mutum uku shi da kansa ne abokin shari'arsu ranar ƙiyama, na ukunsu shi ne wanda ya ɗauki ɗan ƙwadago, ya karɓi aiki cikakke, sannan ya hana shi ladansa. Annabi (SAW) ya ce taurin bashin mawadaci zalunci ne, ya kuma ce a ba ma'aikaci hakkinsa kafin guminsa ya bushe. Naka gumin ya bushe sau biyar. Riƙe fasfon ma'aikaci kuwa ba shi da madogara a shari'a, domin aikinka ka sayar, ba wuyanka ba. Dokar ita kanta Saudiyya ta hana mai aiki riƙe fasfon ma'aikacinsa.

Abin da ke tsakaninka da kamfanin nan shi ne abin da malaman fiƙihu suke kira ijara, wato jinga. Ƙulli ne mai lizimtar ɓangare biyu, babu wanda yake warware shi don ya ga dama. Allah ya buɗe Suratul Ma'ida da cewa: ya ku waɗanda suka yi imani, ku cika ƙulle-ƙullen alkawari. Annabi Musa (AS) da kansa baƙo ne ɗan ci-rani a Madyana, ya yi jingar shekara takwas, in ya cika goma ganin damarsa ne. Ka lura da abin da dattijon da ya ɗauke shi ya faɗa a cikin Suratul Ƙasas: ba na nufin in tsananta maka. Alkawarin yana da kai biyu ke nan. Wanda ya karya nasa kan, ba shi da bakin da zai karanto maka ayar cika alkawari don ka zauna. Saboda haka kana da hakkin neman a raba wannan jinga, kana da hakkin barin wannan kamfani, kuma wata biyar ɗin nan bashi ne a wuyansu har gaban Allah.

Inda maganar take shi ne ta wace ƙofa za ka fita. Alkawari biyu ka ɗauka ranar da ka sauka filin jirgi, mutanenmu kuwa ɗaya kawai suke tunawa. Akwai wanda ke tsakaninka da kafili, shi ne ya karye ta ɓangarensa. Akwai kuma wanda ke tsakaninka da hukumar ƙasar da ta buga maka biza ta ba ka igama bisa sharaɗin za ka zauna da sunanka, ka yi aiki inda aka yi maka rajista. Wannan na biyun bai karye ba don wani ɗan kwangila ya ci amanarka. Muslim ya ruwaito cewa Ƙuraishawa sun kama Huzaifa ɗan Yamani da mahaifinsa a hanya, ba su sake su ba sai da suka ɗauki alkawarin ba za su yi yaƙi tare da Annabi (SAW) ba. Suka zo suka ba shi labari ana shirin Badar, ranar da Musulmi suke buƙatar kowane mutum ɗaya. Ya ce su koma, za mu cika musu alkawarinsu, mu nemi taimakon Allah a kansu. In alkawarin da aka yi wa maƙiya a cikin matsi an cika shi, ina ga wanda ka sa wa hannu da zaɓinka?

Kuma ƙofar halal a buɗe take, wannan shi ne ya sa ba zan kira halinka larura ba. Tun 14 ga Maris 2021 Saudiyya ta sauya wani sashe na tsarin kafala ga ma'aikatan kamfanoni. Daga cikin abin da aka tanada, ma'aikacin da aka hana albashi wata uku a jere yana iya komawa wani kamfani ba tare da yardar kafilinsa ba, ta manhajar Qiwa. Kai ka wuce wata uku. Dokar ƙwadago ta ƙasar, a sashe na 81, ta ba ma'aikaci damar barin aiki da hakkokinsa cikakku idan mai aikin ya kasa sauke manyan wajibansa. Ana shigar da ƙara a ma'aikatar ƙwadago, a fara da zaman sulhu, in bai yiwu ba a miƙa ga kotun ma'aikata. Ofishin jakadancin Najeriya yana nan Riyad inda kake, akwai ƙarami a Jidda. (Direbobin gida da masu aikatau a gidaje sauyin 2021 bai shafe su ba, nasu tsarin daban ne, ta manhajar Musaned yake bi. Na faɗi haka ne don 'yan'uwanmu mata da za su karanta wannan amsa, kada su ɗauki hukuncin kamfani su ɗora wa kansu.) Na sani bin ofis yana da wahala ga wanda Larabcinsa na wurin aiki ne kawai, kuma cikinsa babu komai. Ku haɗu ku da yawa da abin ya shafa, ku nemi wanda ya iya karatu da rubutu ya shige muku gaba. Ka tattara kwantiraginka, da bayanan asusunka na banki da ke nuna ranar da kuɗi suka daina shigowa, da duk saƙon da aka taɓa turo maka ana ba ka haƙuri. Ka riga su kai ƙara, domin wanda ya ɓace kafin ya kai ƙara, shi ake rubutawa a matsayin mai laifi.

To, hukuncin gudun: bai halatta ba matuƙar wannan hanya tana nan kuma ba ka gwada ta ba. Dalilin bai tsaya ga saɓa alkawari kaɗai ba, akwai cutar da kai. In kafili ya buga maka hurub, wato ya kai rahoton ka gudu daga aiki, ƙarshenta zamanka ya zama na ɓoye. Wata biyar ɗin da kake bi sun yi nisa da kai, tunda ba ka iya tsayawa gaban hukuma da ƙarfin gwiwa. Duk wanda ya ɗauke ka aiki a Jidda ya san ba ka da inda za ka kai shi, in ya ga dama ya biya, in ya ga dama ya kira maka 'yan sanda ranar biya. Asibiti ya zama abin tsoro. Aika kuɗi gida sai ta hannun wani. Ƙarshenta mafi yawa tarhil ne, wato kora zuwa gida, a tsare mutum a Shumaisi, gidan tsare waɗanda za a kora, a ɗauki hoton yatsunsa, a sa shi jirgi da kayan jikinsa, a hana shi komawa. An gudu ba a tsira ba. Tirmizi ya ruwaito cewa bai kamaci mumini ya wulaƙanta kansa ba, aka ce yaya zai wulaƙanta kansa, Annabi (SAW) ya ce ya jefa kansa cikin bala'in da ba zai iya ɗauka ba. Abokanka na Jidda da alheri suke nufinka, amma ka tambaye su yaushe rabonsu da ganin 'ya'yansu.

Na ware hali ɗaya. Wanda ake duka, ko aka kulle shi, ko ake barazana ga ransa, ko mace da ake nema da lalata a gidan da take aiki, wannan ya fita a daren nan, babu laifi a kansa, fitar ma wajibi ce. Sai dai ya nufi ofishin 'yan sanda ko na jakadanci, kada ya nufi lungu.

Igamar aro haramun ce, a kanka da a kan mai ba da aron. Ƙarya ce da ake maimaitawa duk lokacin da aka ce nuna takardarka, kuma Annabi (SAW) ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Sannan ka jawo wa mai ita abin da zai iya raba shi da nasa abincin.

Maganar sito ita ce ta fi tsaya mini a rai, domin tana da kamannin hujja. Malamai sun tattauna mas'alar mutumin da aka danne wa hakki sannan ya samu dama a kan dukiyar wanda ya danne. Waɗanda suka halatta ya ɗauka sun kafa hujja da Hindu 'yar Utba, da ta kai ƙarar rowar Abu Sufyan, Annabi (SAW) ya ce ta ɗauki abin da zai ishe ta da ɗanta gwargwadon al'ada. Amma malamanmu na Malikiyya da suka yi sauƙi a nan sun gindaya sharaɗi: ya kasance ba za a samu fitina ba, kuma ba za a jingina wa mutum abin kunya irin sata ba. Kai duka biyun suna jiranka. Baƙo ne kai, a ƙasar da ba a wasa da tuhumar sata, kuma sunan duk ɗan Najeriya da ke wurin yana rataye da naka. Bayan haka makullin nan amana ce aka damƙa maka, ga hadisin Abu Dawud da Tirmizi: ka mayar da amana ga wanda ya amince maka, kada ka ha'inci wanda ya ha'ince ka. Wa ma ya tabbatar maka rodin na kamfanin ne, ba na mai ginin ba, ko na ɗan kasuwar da shi ma ba a biya shi ba? Kada ka taɓa ko ƙusa. Ka miƙa makullin a gaban shaidu, a ƙirga kaya a rubuta, don kada ranar da ka kai ƙara su ce ga abin da ya ɓata.

Game da kuɗin da mutum ya samu bayan ya gudu, abin da na fi natsuwa da shi shi ne a raba tsakanin laifin zaman da ladan aikin. In aikin kansa halal ne, kamar gini ko dako ko wanki, kuma ya yi shi yadda aka yi jinga, kuɗin nasa ne, iyalinsa su ci babu ƙyama. Laifin saɓa doka da na ƙaryar da ya yi yana nan a kansa, sai ya tuba ya nemi gyara zamansa ko ya dawo gida. Na faɗi wannan ne saboda gidaje da yawa a Gombe da Kumo da Dukku da wannan kuɗi ake cefane, kuma ba daidai ba ne a sa wa tsohuwa waswasi a kan abincin da ɗanta ya yi wa gumi. Amma kada ka mayar da shi lasisi, kai da ba ka riga ka faɗa ba.

Saura matarka, wadda ka sa a ƙarshen wasiƙa, ni kuwa da ita zan auna komai. Shekara uku ba ƙaramin abu ba ne ga mace mai ƙuruciya. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya tambayi 'yarsa Hafsa iyakar haƙurin mace ba mijinta, sannan ya sa wa mayaƙa wa'adin 'yan watanni su dawo gida, su da suke fagen jihadi. A mazhabarmu, matar da mijinta ya yi nisa shekara ɗaya ko fiye, tana cutuwa da rashinsa, tana da hakkin kai ƙara ko da yana aiko da abinci. Alƙali zai aika masa ya dawo, ko ya ɗauke ta zuwa inda yake, ko ya sawwaƙe mata, in ya ƙi duka alƙali ya raba. In ciyarwa ma ta yanke, hakkinta ya ƙara ƙarfi. Don haka maganar da surukanka suka fara ba rashin kunya ba ce. Kuma gudu zuwa Jidda shi ne zai mayar da shekara uku ta zama bakwai, domin marar takarda ba ya zuwa hutu.

Ka kira ta ka gaya mata gaskiyar halin da kake ciki, ba tare da ƙawata shi ba. Maza da yawa kunya take hana su cewa ba a biya su, sai matar ta zaci an samu ne aka manta da ita. Ka sa wanka ko kawunka ya je ya durƙusa gaban mahaifinta ya yi bayani, 'yan'uwanka su ɗauki cefanenta a matsayin rance har ka samu. Ku yanke wa'adi da ita, da yardarta. In ƙara ta yi kyau ka samu sabon kamfani, ka sa zuwa hutu cikin abin da za ka fara nema. In wa'adin ya cika babu haske, ka nemi bizar fita ta ƙarshe ka dawo, ka wakilta wanda zai ci gaba da bin kuɗinka. Jinginar gona bashi ne, ana zama da mai ita a nemi ƙarin lokaci, kuma Allah ya umarci mai bin bashi ya saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi.

Wallahu a'alam.